Ina ruwan giya da maganar amana? Amsa ga wani ɗan'uwa a Mancesta

"Assalamu alaikum Dakta. Wata bakwai ke nan da na kama aiki a wani kamfanin injiniyoyi a Mancesta. Duk yammacin Alhamis sai abokan aikina su ɗunguma zuwa mashaya, kuma ba kowace suke shiga ba, sai wadda ke sayar da giyar ƙananan kamfanoni, wadda suke ce wa kiraf. Ni ba na sha, ba ni kuma da niyya. Amma rannan na ji biyu daga cikinsu suna gardama kamar za su doku, wai ɗaya ya sayi giyar kamfanin da ya sayar da kansa ga manya, wani kamfanin kuma wai yana zaluntar ma'aikata. Ina ruwan giya da maganar amana? Sannan ina lura kamar a can ake yanke wasu shawarwarin aiki, ni kuwa ba na nan. Tunda ka yi aiki kusa da wannan harka, don Allah ka warware mini."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a ƙunshe ɗaya: me suke nufi da amana a sana'ar da kai ba ka ma yarda da tushenta ba, kuma yaya za ka yi da zaman da ake yi ba kai. Zan fi daɗewa a kan ta farko, don idan ka gane ta, ta biyun ba za ta yi wuya ba.

Ka san inda nake tsaye tukuna. Kimiyyar abinci na karanta. Na fara aiki a gida, ina auna ingancin dawar da ake tsirarwa don lemon malta, daga baya na yi shekaru a wani ɗakin gwaje-gwaje a Ingila inda ƙananan masu yin giya ke aiko mana da samfur mu auna musu. Ban taɓa kai ta baki ba, saboda haka kada ka tambaye ni wace ta fi wata ɗanɗano. Abin da na sani shi ne abin da na'ura ke faɗa, da abin da na gani a wuraren da ake dafa ta.

Yadda aka zo nan

Ita giya, a wajen haɗi, ba wani abin mamaki ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tsiro don kunun zaƙi ya san rabin aikin. Ana jiƙa sha'ir, ya fara tsira, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi har sitacin cikinsa ya koma sukari, a tace, a tafasa da furen wani tsiro mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hof, sannan a zuba yis ya cinye sukarin ya bar barasa da iska. Burukutun da mata ke dafawa da dawa a wasu sassan Filato da kudancin Kaduna ɗan gidansu ɗaya ne, sai dai babu hof a ciki, kuma ba ya kwana biyu bai lalace ba. A Ingila ma ɗaruruwan shekaru da suka wuce mata ne ke dafa ta a gida suna sayar wa maƙwabta, kafin maza masu jari su karɓe sana'ar.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni shida sun haɗiye mafi yawan sana'ar a Birtaniya. Su ke yin giyar, su ke da mashayun, kuma sun koma sayar da wadda aka tace aka kashe yis ɗinta aka ɗura mata iska a tulun ƙarfe, don ta fi jure tafiya da ajiya. Tsohuwar hanyar kuwa ita ce a zuba ta a ganga da yis ɗinta da rai, ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa na mashayar. Wasu mutum huɗu suka ga abin da suka tashi da shi yana neman ɓacewa, suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971, ƙungiyar masu saye ce ba ta masu sayarwa ba, kuma har yau tana nan. Daga nan ne aka fara kallon zaɓin abin da mutum zai sha a matsayin ɗaukar ɓangare.

Kalmar kiraf ita kuma daga Amurka ta taso. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa, waɗanda suka ƙware suka fara buɗe ƙananan wurare, irin su Sierra Nevada a Kalifoniya a 1980. Salonsu shi ne a cika hof har ƙamshin ya riƙa bugun hanci kamar lemo ko mangwaro. Abin da ya buɗe musu ƙofa a Birtaniya kuwa haraji ne. A 2002 Gordon Brown, yana ministan kuɗi, ya rage rabin harajin giya ga wanda bai wuce lita dubu 500 a shekara ba. Nan da nan sai ga ƙananan kamfanoni suna ɓullowa a rumfunan ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, a Bermondsey ta Landan da kuma nan bayan tashar Piccadilly a garinku. Mai yiwuwa can ne abokanka suke zuwa.

To, ka riƙe wannan: tun daga haihuwarta, wannan harka labari take sayarwa tare da ruwan. Labarin shi ne mu ƙanana ne, 'yan unguwa ne, ba mu da ubangida. Wanda ya biya fam shida ko bakwai a kofi ɗaya, alhali ga ta fam huɗu a gefe, rarar kuɗin labarin ya biya. Shi ya sa idan labarin ya zama ƙarya yake jin an ci amanarsa.

"Ya sayar da kansa"

Ga abin da abokanka ke gardama a kai. Da manyan kamfanoni suka ga ƙananan suna jan matasa masu albashi, ba su tsaya gasa ba, sai suka buɗe jaka. AB InBev, wanda ya fi kowa girma a duniya, ya sayi Goose Island na Chicago a 2011, ya sayi Camden Town na Landan a 2015. Heineken ya shiga Beavertown da wani kaso a 2018, ya karɓe shi gaba ɗaya a 2022. A Amurka an sayi Ballast Point a kan dala biliyan ɗaya a 2015. Shi cinikin ba laifi ba ne, mutum ya gina abu ya sayar, haka kasuwa take. Inda gizo ke saƙar shi ne gwangwanin bai canza ba. Zanen nan na 'yan tawaye yana nan, sunan unguwar yana nan, sunan sabon mai shi kuwa ko dai babu, ko yana can ƙasa da rubutun da sai ka sa tabarau.

A Amurka ƙungiyar ƙananan masu sana'ar ta ja layi: kada abin da kake yi ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kuma kada babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 cikin ɗari naka ko fiye. A Birtaniya babu dokar da ta fayyace kalmar, kowa na iya manna ta a kayansa. Har ta kai a 2024 ƙungiyar SIBA ta ƙananan kamfanoni ta koma tallata kalmar mai zaman kansa a maimakon kiraf, don ta ga waccan ta zama rigar kowa.

Akwai wata cutar da ta fi ta lakabi, wadda mai saye bai cika gani ba, wato wa ke da famfon da ake zuba giyar. Mashayu da yawa a Ingila ɗaurarru ne: mai gudanar da wurin haya yake yi, kuma yarjejeniyar ta tilasta masa sayen giya daga mai ginin, a farashin da ya fi na kasuwa. A 1989 hukumar hana babakere ta gano kamfanonin nan shida ke yin kusan kashi 75 cikin ɗari na giyar ƙasar, gwamnati ta ce duk mai mashayu sama da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura. Sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Kamfanonin hayar gidaje irin su Punch da Enterprise suka saye mashayun da bashin banki, suka ci gaba da ɗaurin, su kuma ba ko giyar suke yi ba. Sai a 2016 aka kafa dokar da ta ba ɗan haya damar neman kwance ɗaurin daga kamfanin da ke da ɗaurarrun mashayu 500 ko fiye a Ingila da Wales. Yanzu ka haɗa biyun. Mutum ya shiga mashaya ya ga famfo goma sha biyu da sunaye kala-kala, ya ɗauka zaɓi ne, alhali takwas na gida ɗaya ne, ɗan ƙaramin da ke dafawa a bayan layi kuma bai samu ko ɗaya ba. A nan ina tare da abokinka mai fushi.

Inda na rabu da shi

Kuskuren da masoya kiraf suke yi shi ne ɗaukar ƙanƙanta a matsayin nagarta. Na shiga ƙananan wurare da dama ɗaukar samfur, kuma abin da na gani ya sha bamban da hoton da ke kan gwangwani. Aiki ne na ɗaukar buhun kilo 25, da ruwa mai tafasa, da sinadarin wanke tukwane mai cin fata, da iskar da yis ke fitarwa wadda ke kwanciya a ƙasan tanki ta kashe mutum ba wari ba launi. Babban kamfani, duk da kwaɗayinsa, yana da jami'in kula da lafiyar ma'aikata, da ofishin kai ƙara, sau da yawa har da ƙungiyar ƙwadago. A ƙaramin wuri mai gida shi ne alƙali, shi ne wanda ake ƙara. Ana ce wa yaro mu nan dangi ne, kuma dangi ba sa lissafin awa.

A 2021 abin ya fashe. A watan Mayu wata ma'aikaciya a wani ƙaramin kamfani a jihar Massachusetts ta tambayi mata 'yan'uwanta a Instagram irin wulaƙancin da suka gani a sana'ar. Labarai suka riƙa kwararowa ɗari bisa ɗari, na raini da na cin zarafi, har shugabannin wasu kamfanoni suka sauka. A watan Yuni tsofaffin ma'aikatan BrewDog, kamfanin Sikotland da aka kafa a 2007 wanda ya yi suna da cewa shi ne maƙiyin manya, suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa tsoro ne ke mulki a cikinsa. James Watt, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya fito ya nemi afuwa. A farkon 2024 kuma kamfanin ya daina biyan sababbin ma'aikatan mashayunsa albashin nan na sa-kai da ya ɗara mafi ƙarancin da doka ta ɗora. Ina kyautata zaton wannan ne abokinka na biyu yake nufi. Abin ya fi yi wa mutane zafi ne don kamfanin ya tara jari daga dubban masu shan giyarsa, waɗanda suka sayi hannun jari saboda sun yarda da labarin.

Bari in ba ka wanda ya faru a gabana. Wani ƙaramin kamfani ya aiko mana da giyar da aka zuba wa markaɗaɗɗen 'ya'yan itace, an rubuta a jiki cewa barasarta kashi 4.5 cikin ɗari ce. Doka ta yarda da kuskuren rabin kashi ga giya ta yau da kullum mai wannan ƙarfin. Muka auna muka ga ta haura nesa, domin ba su kashe yis ɗin ba, ya ci gaba da cin sukarin a cikin gwangwani. Wasu gwangwanayen ma sun kumbura kamar za su yi magana. Na rubuta abin da na gani. Mai wurin ya bugo waya yana roƙon a sake gwaji da wani samfurin da zai zaɓo da hannunsa daga cikin firiji, don ya riga ya raba kayan ga shaguna. Mutumin kirki ne a baki, yana da hoton karensa a lakabi, yana ba makarantar unguwa gudummawa. Ban sake ba. Ban ce duk haka suke ba, na san waɗanda suka zubar da tanki guda a kwata saboda shakka kawai. Amma daga ranar na daina auna kamfani da girmansa. Ina tambayar wa ke da shi, nawa yake biyan mai wankin tanki, kuma me yake yi idan gwaji ya fito ba yadda yake so ba.

Sauran abubuwan da ake cusawa cikin maganar, irin su ba manoma dusar hatsin su ciyar da shanu, da rage ɓarnar ruwa, da daina sa hotunan tsiraicin mata a lakabi (CAMRA ta hana irin waɗannan a babban bikinta na 2019), duk suna da kyau, ba kuma su ne ke raba gardama ba.

Abin da ba a so a taɓo a teburin

Za ka lura duk wannan muhawara a kan mai kamfani da ma'aikaci take, ba a cika maganar abin da ke cikin kofin ba. A nan kai da ba ka sha ka fi su ganin fili. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa shi, rukuni ɗaya da taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 suka mutu sanadinta a 2019. Hanta ba ta san ta ɗan unguwa da ta babban kamfani ba.

Kuma giyar kiraf tana da tata matsalar, wato ƙarfi. A Birtaniya ana auna sha da awo, awo ɗaya mililita 10 ne na tsantsar barasa, kuma tun 2016 shawarar manyan likitocin gwamnati ita ce kada namiji ko mace su wuce 14 a mako. Kofin mashaya mililita 568 ne. Idan giyar kashi 4 ce, irin ta iyayensu, awo 2.3 ke nan. Idan kashi 7 ce, kamar da yawa daga cikin masu ƙamshin hof ɗin nan, awo 4 ne. Kofi uku da rabi a daren Alhamis ɗaya ya cinye kason mako. Masu kare ta suna cewa tsadarta na sa a sha kaɗan a hankali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: mafi yawan ɓarnar tana zuwa ne daga barasa mai araha ta manyan shaguna, shi ya sa Sikotland ta sa farashi mafi ƙanƙanta na fam 0.50 a kan kowane awo a 2018, ta ɗaga zuwa 0.65 a 2024. Amma na ga mutanen da suka lulluɓe jaraba da sunan sha'awa. Mutum yana rubuta sunan kowace sabuwa da ya ɗanɗana a manhajar waya, yana ƙirga ɗaruruwa, kuma ba wanda zai kira shi mashayi don yana iya bayanin irin hof ɗin da aka sa.

Zaman ranar Alhamis

Mashaya a wajen Bature ita ce majalisa, ita ce teburin mai shayi. Gidajensu ƙanana ne, ba su saba kai baƙo ciki ba, sanyi kuma bai bar zaman ƙofar gida ba. Can ake kallon ƙwallo, ake gasar kacici-kacici, ake cin abincin ranar Lahadi da yara, can kuma ƙaramin ma'aikaci ke iya faɗa wa ogansa abin da ba zai faɗa a ofis ba. Don haka zatonka daidai ne, ana ƙulla abubuwa a can.

Hukuncin shiga ba nawa ba ne. Malamai da yawa suna kafa hujja da hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma ya kamata ka zauna da limamin da ya san rayuwar garin ka faɗa masa halin da kake ciki filla-filla. Ni abin da zan iya ba ka bayani ne, don duk abin da ka yanke ya zama da ido buɗe.

Abu na farko da baƙo ba ya sani shi ne al'adar zagaye. Mutum ɗaya ke tashi ya saya wa kowa, sai na gaba, har a zagayo kanka. Idan ka karɓi lemo a zagayen wani, ka ci ladan kuturu, kuma askin shi ne ka biya wa mutum shida giya da kuɗinka. Wanda ya shiga, tun daga ƙofa yake cewa shi zai sayi nasa, ba wanda ke jin haushi. Na biyu abinci: ƙullin da ake soya kifi da shi a mashayu sau da yawa da giya ake dama shi, haka naman da ke cikin fanken nan nasu mai miya, sai ka tambaya. Na uku, abin da ake kira giya marar barasa ba Maltina ba ce. Lemon malta namu ba a sa masa yis ya nuna. Waccan kuwa giya ce, ko dai an dafa ta cikakkiya aka cire barasar daga baya, ko an tsayar da nunar da wuri, kuma wasu suna ɗauke da har kashi 0.5. Ka karanta lambar da ke jiki, kada ka dogara da sunan.

Ni a shekarun da na yi can ban bi su ba, amma ban zauna ina jiran a tuna da ni ba. Na faɗa wa shugabar sashenmu kai tsaye cewa idan an tattauna aiki a mashaya ina so a maimaita shi a taron safe, kuma ban yi maganar da murya ƙasa-ƙasa ba, domin dokar daidaito ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a tauye ma'aikaci saboda su ba. Ta karɓa, ashe ma akwai wata mai ƙananan yara da wani da ya daina sha waɗanda abin ke damunsu sun yi shiru. Sannan na ƙirƙiro tawa majalisar: sau ɗaya a wata ina jan su cin abincin rana. Kai ka fi ni sa'a, ga titin Wilmslow a Rusholme cike da gidajen abincin halal, motar bas ɗaya ce daga tsakiyar gari. Ka fara da mutum biyun nan masu gardama, ka tambaye su wa ya sayi Beavertown, za su yi ta zuba har shinkafar ta huce.